Hoton ƙashi ya nuna babu karaya, amma likita ya dage sai an yi MRI: ina neman shawararku

Baban_Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Talatar da ta wuce yayana, wanda shekarunsa 54, ya faɗi a babur yana dawowa daga kasuwa. Akuya ce ta gifta masa, ya taka birki da ƙarfi, ya wuntsila ya sauka a kan goshinsa. Mutanen da ke wurin suka ɗauko shi a A Daidaita Sahu zuwa asibitin da ke kusa, aka yi masa hoton wuya da na kafaɗa, kuma aka ce ba a ga karaya ba. Yana iya tsayawa, yana ma ɗan takawa idan an riƙe shi, amma hannayensa biyu sun yi nauyi, ba ya iya riƙe cokali ko ɓalle maɓallin riga, kuma yana cewa yatsunsa na yi masa zafi kamar an zuba barkono. Likitan ya sa masa abin tallafe wuya, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti domin a yi masa wani nau'in hoto da ake kira MRI, wanda kuɗinsa ya ninka na hoton farko sau da yawa. Kawunmu ya ce tunda hoto ya nuna ƙashi lafiya yake, to targaɗe ne kawai, a kai shi wurin mai ɗori ya ja wuyan ya daidaita, kuma a ganinsa wannan hoto na biyu hanyar cin kuɗi ce. Tambayata ita ce, idan hoto ya riga ya nuna babu karaya, mene ne kuma wani hoton zai gani wanda na farko bai gani ba?

Hajiya_Mai_Lalle:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba ni da ilimin abin, amma don Allah kada ku bari kowa ya taɓa wuyan nan kafin masana su yi magana.

Maihoto_Tudunwada:
Malam Baban Walida, sannunku da jinya. Aikina ke nan, shekara 14 ina ɗakin hoto, kuma wannan tambaya ina jin ta kusan kullum daga bakin masu jinya. Hoton da aka yi wa Yaya, wato eksre, inuwa ce kawai. Ana harba haske mai ratsa jiki, ƙashi ya tare shi saboda taurinsa sai ya fito fari, tsoka da jijiya kuwa hasken ya wuce ta cikinsu sai su fito toka-toka ba tare da an iya bambance su ba. Saboda haka laka, wadda ita ce ke bi ta cikin ramin ƙashin baya tana kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa, ba ta fitowa a wannan hoto ko kaɗan. Haka ma faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, da igiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin. Idan mai hoto ya ce bai ga karaya ba, maganar ƙashi kaɗai ya yi, bai ce komai a kan laka ba domin na'urarsa ba ta ganinta.

Ko a kan ƙashin ma akwai iyaka. Gaɓoɓin wuya 7 ne, kuma ƙa'ida ita ce hoton gefe ya nuna su duka har zuwa inda ta bakwai ta haɗu da gaɓar farko ta ƙirji. Mutum mai kaurin kafaɗa, ko wanda ciwo ya sa ya ɗage kafaɗunsa, sau da yawa kafaɗar tana rufe ta shida da ta bakwai, alhali wurin yana cikin wuraren da aka fi samun rauni. Gaɓa ta biyu kuma tana da wani ɗan tsini kamar haƙori wanda sai an sa mutum ya buɗe baki an ɗauka ta ciki ake ganinsa da kyau. Ina so ka duba fim ɗin da aka ba ku, ka ƙirga gaɓoɓi nawa suka fito.

Baban_Walida:
Na gode Malam. Na ɗaga shi a hasken taga na ƙirga, biyar nake gani sosai, ta shida kuma rabinta ya shige cikin fari. Fim ɗaya ne kawai na wuyan.

Likita_Ummi:
Baban Walida, ba zan iya yanke hukunci a kan wanda ban duba ba, amma abin da ka bayyana ya isa in ce maka likitanku ya yi daidai, kuma kada ku jinkirta. Mutumin da ya haura shekara 50, ya faɗi a kan goshi har wuyansa ya lanƙwashe baya, sannan hannayensa suka fi ƙafafunsa rauni, alamu ne da muka sani na buguwar tsakiyar laka. Yayin da shekaru suke ja, ramin da laka take bi yakan ƙuntata saboda tsiron ƙashi da kumburin faifai, mutum yana harkokinsa bai san da shi ba. Ranar da wuya ya lanƙwashe da ƙarfi sai lakar ta matse tsakanin gaba da baya, ta kumbura, ba tare da ƙashi ko ɗaya ya karye ba. Wannan kumburi MRI ne kaɗai yake nuna shi, kuma shi ne zai faɗa ko akwai faifan da ya fito yana danne lakar har yanzu, wanda daga nan ake sanin ko tiyata za a yi ko kuwa abin tallafe wuya da gashin ƙashi za su wadatar.

Maganar jan wuya kuwa, ina roƙon ka ka lallaɓa Kawu cikin ladabi. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi tana fitowa ne daga gaɓa ta uku zuwa ta biyar a wuya. Wanda yau yake takawa da ƙafarsa, ja ɗaya zai iya mayar da shi kwance, ko ya hana shi numfashi gaba ɗaya.

Jikan_Sarkin_Ɗori:
Da farko ina yi wa Yaya addu'ar samun sauƙi. Amma ina ganin ana shirin yi wa masu ɗori kuɗin goro a nan, kuma ba zan yi shiru ba. Kakana ya yi ɗori fiye da shekara 40, mahaifina ya gada, kuma mutanen da suka zo a kan jaki ko a amalanke suka koma da ƙafafunsu ba su ƙirguwa. Kafin a kawo na'urar hoto ƙasar nan da me ake gane karaya, idan ba da hannu da ido ba? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai zan faɗi gaskiya guda: a gidanmu ba a taɓa wuya, ba a taɓa gadon baya. Mahaifina yakan ce duk wanda aka kawo ba ya jin ƙafarsa, ko fitsari ya ƙi fita, ba namu ba ne, a wuce da shi asibitin ƙashi na Dala. Don haka a kan wannan mara lafiya ina tare da Likita, amma ban yarda cewa kowace karayar hannu sai an yi hoto ba.

Nas_Hauwa_Kulu:
Jikan Sarkin Ɗori, Allah ya jiƙan kakanka, kuma da dukkan masu ɗori suna da irin tsarin gidanku da an rage kuka. Abin da nake gani a ɗakin yara shi ne ya sa ba zan bi ka a maganar hannu ba. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa, ƙashin damtse ya karye dab da gwiwar hannu, kuma a daidai wurin babbar jijiyar jini take wucewa. Daga waje kumburi kawai ake gani, babu mai iya sanin ko tsinin ƙashin yana kan jijiyar sai da hoto da kuma duba bugun jini a wuyan hannu. Idan aka jera kara aka ɗaure tamau a kan hannun da yake ci gaba da kumbura, jini ya daina zagayawa, yaro yana ihu ana cewa ɗori ne yake kamawa, bayan kwana uku ko huɗu a kawo mana hannu ya yi baƙi. Na tsaya a kan yara irin waɗannan lokacin da ake gaya wa iyayensu cewa sai an yanke, kuma ba na fatan kowa ya ga wannan rana.

Jikan_Sarkin_Ɗori:
Malama Hauwa, wannan ɗaurin ganganci ne, kuma a asibiti ma idan aka matse siminti haka zai faru. Amma na karɓi maganar gwiwar hannun yara. Ƙanena da ke riƙe da gidan yanzu yakan tura mutane su yo hoto su kawo masa kafin ya sa hannu, ko da yake dattawa suna yi masa dariya.

Bazazzagi_77:
Ni tawa ta bambanta da ta kowa, domin hoton ne ya yaudare ni. Na zame a banɗaki na dafa ƙasa da tafin hannu, aka yi hoto a ranar aka ce babu komai, aka ba ni maganin shafawa. Wata huɗu ina fama da ciwo a gindin babban yatsa, ba na iya murɗa mabuɗi, sai da aka sake hoto aka ga wani ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannu ya rabu biyu kuma bai haɗe ba. Daga ƙarshe sai da aka yi tiyata aka sa masa kusa. To wa zan zarga, na'ura ko mai karantawa?

Maihoto_Tudunwada:
Bazazzagi, wannan ƙashi sananne ne a wurinmu da ɓoye karayarsa. Yana cikin ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu, kuma tsagewarsa takan yi siririn da ba ta fitowa a ranar farko. Abin da aka saba shi ne, idan an danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsa mutum ya ji zafi, sai a ɗaure hannun tamkar an tabbatar da karaya, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da bakin tsagar ya ɗan zaizaye ya fito fili, ko kuma a yi MRI tun da wuri inda akwai hali. Dalilin tsoronsa shi ne jini yana shigarsa ne daga ɓangaren yatsu yana komawa baya, don haka idan ya rabu, ɓangaren da ke wajen damtse zai iya rasa jini ya mutu. A ganina kuskuren da aka yi maka shi ne sallamarka ba tare da an ce ka dawo ba. Irin wannan yana faruwa da tsofaffi ma: tsohuwa ta zame ta kasa taka ƙafa, hoton kwatangwalo ya fito kamar lafiya, alhali wuyan ƙashin cinya ya tsage.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan hoton ƙashi rediyo muke ce masa, babban kuma sikanar, MRI kuwa IRM ake rubutawa a takarda saboda Faransanci, don haka wanda ya tsallako da takardar likita kada sunayen su ruɗe shi. Ina da tambaya ga Likita Ummi. Lokacin da ɗan ƙanwata ya faɗa rijiya yana yasa, sikanar aka yi masa ba IRM ba, kuma a nan aka ga gaɓar bayansa ta murƙushe. Me ya sa shi aka zaɓa masa wannan, shi kuma yayan Baban Walida aka ce wancan?

Likita_Ummi:
Malam Ɗan Maraɗi, kowanne da abin da ya fi gani. CT, wanda kuke kira sikanar, hasken eksre ne shi ma, amma bututun yana kewaya jiki yana ɗauka ta kowace kusurwa, sai kwamfuta ta haɗa ta fitar da jikin yanka-yanka kamar an yanka burodi. Babu abin da ya kai shi nuna ƙashi: tsaga komai ƙanƙantarta, da ɓaraguzan da suka faɗa cikin ramin laka, duk yana fito da su, kuma cikin 'yan mintuna an gama. Shi ya sa wanda ya faɗo daga sama ko ya yi hatsarin mota mai tsanani, CT ake fara yi masa, domin a lokaci guda ana iya duba kai da ƙirji da ciki ko akwai zubar jini. MRI kuwa maganaɗisu ne da igiyar rediyo, yana karanta ruwan da ke cikin sassan jiki, saboda haka ya fi ƙwarewa a laka da faifai da igiyoyi da ɓargo, amma yana ɗaukar minti 20 zuwa 45 kuma dole mutum ya kwanta ba motsi. Mai rijiya tambayar da ke kansa ita ce yaya ƙashin ya karye, mai babur kuma tambayar ita ce me ya sami laka. Sau da yawa ma mutum ɗaya yakan buƙaci duka biyun, kuma tunda fim ɗin Yaya bai nuna ƙasan wuya ba, kada ku yi mamaki idan can suka ƙara da CT.

Malamin_Kimiyya:
Bari in ɗan ƙara tarihi ga masu sha'awa, tunda Jikan Sarkin Ɗori ya tambayi abin da ake yi kafin zuwan na'ura. Wilhelm Röntgen ne ya gano wannan haske a garin Würzburg na Jamus a shekarar 1895, kuma hoton da ya yi suna shi ne na hannun matarsa da zobenta a yatsa. Shi aka fara bai wa kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1901. CT kuwa injiniya Godfrey Hounsfield ne ya ƙera shi a Ingila, aka fara gwada shi a kan mara lafiya a Landan a 1971, kuma a farko kai kaɗai yake ɗauka. Masu MRI, Paul Lauterbur da Peter Mansfield, sai a 2003 suka sami tasu kyautar. Wato Turawa ma kafin 1895 da hannu suke lalube kamar kakanninmu, kuma da suka sami abin gani ba su ce za su ci gaba da lalube don girmama kakanni ba.

Umman_Khalifa:
Ni abin da yake damuna shi ne illar hasken. Ɗana mai sikila ne, an yi masa hoton ƙirji da na kwatangwalo ban san adadi ba, kuma maƙwabciyata ta ce kowane hoto yana rage jini yana kuma hana haihuwa. Yanzu an ce a yi masa MRI na kwatangwalo saboda ɗingishi, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi.

Malamin_Kimiyya:
Hajiya Umman Khalifa, hoto ba ya shan jini, wannan magana ba ta da tushe. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan'adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama ko bai taɓa shiga asibiti ba. Hoton ƙirji ɗaya wajen 0.1 ne, na hannu ko ƙafa bai ma kai haka ba. CT ne yake da nauyi, na kai wajen 2, na ciki kuma yana iya kaiwa 8 zuwa 10, shi ya sa ba a yi wa yara shi sai da dalili mai ƙarfi. MRI kuwa babu wannan haske a cikinsa sam.

Likita_Ummi:
Ina goyon bayan Malam, kuma Umman Khalifa ki daure ki kai shi. A masu sikila jini yakan toshe a kan ƙashin cinya, wurin da yake shiga kwatangwalo, sai ƙashin ya fara mutuwa a hankali. Eksre ba ya nuna haka sai bayan kan ƙashin ya fara lotsawa, MRI kuwa yana kama shi tun yana zagaye, lokacin da ake da sauran dabarun ceto shi. Mai juna biyu kuma ta riƙa faɗa wa mai hoto kafin ta shiga, ko da zato take yi, domin a san yadda za a kare cikin ko a canza nau'in hoton. Amma idan hatsari ne mai barazana ga rai ba a fasa hoto saboda ciki.

Mai_Walda_Sabongari:
Tunda an ce maganaɗisu ne, ni da nake da ƙarfe a ƙwauri tun hatsarin da na yi fa? Kuma an taɓa cire min burbushin ƙarfe a ido.

Maihoto_Tudunwada:
Malam Mai Walda, gara da ka tambaya, kuma na idon ya fi na ƙwaurin muhimmanci. Yawancin ƙarafan da ake sa wa ƙashi yanzu, musamman na titaniyam, ana shiga MRI da su, sai dai sukan ɓata hoton wurin da suke, amma duk da haka ka je da takardar tiyatarka. Burbushin ƙarfe a ido kuwa maganaɗisun zai iya motsa shi ya yi ɓarna, don haka masu walda da maƙera akan fara yi musu hoton ramin ido a tabbatar babu saura. Haka mai na'urar bugun zuciya, da wanda harsashi ya maƙale a jikinsa, dole su faɗa. Maganaɗisun nan a kunne yake dare da rana ko ba a aiki, yana iya fizgo tukunyar iskar numfashi ko keken mara lafiya daga bakin ƙofa. Baban Walida, ku cire wa Yaya agogo da zobe da makulli da waya, kuma idan akwai laya ko guru a jikinsa a cire, kada a ji kunyar faɗa. A hoton ƙugu ma jigida da laya suna fitowa su rufe daidai inda ake son gani, sai an sake ɗauka.

Direban_Tirela:
Ku yi haƙuri zan ɗan goyi bayan Kawu ta wani ɓangare, domin cin kuɗin yana nan. Na yi fama da ciwon baya saboda zaman mota daga Kano zuwa Legas, na je wani wuri mai zaman kansa, ko riga ba a ce in ɗaga ba aka rubuta min MRI. Sakamako ya fito da dogon Turanci cewa faifai biyu sun kumbura, aka tsorata ni da maganar tiyata, na sayar da fili ina shiri. Wani likitan ƙashi da na je wurinsa daga baya ya kwantar da ni ya ɗaga ƙafafuna, ya gwada ƙarfin yatsuna, ya ce in je gashi in rage zama. Yau shekara uku ke nan ina tuƙi. Saboda haka ba kowane hoto da aka rubuta ne yake da amfani ba.

Likita_Ummi:
Direba, gaskiyarka, kuma ba zan kare abin da aka yi maka ba. Akwai binciken da aka wallafa a Amurka a 1994 inda aka yi wa mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan MRI, aka tarar fiye da rabinsu suna da kumburin faifai. Wato idan aka ɗauki masu lafiya a kasuwa aka saka su a na'ura, da yawa za su fito da takarda mai ban tsoro. Ciwon baya na yau da kullum ba ya buƙatar hoto a makonnin farko. Abin da yake sa mu gaggauta shi ne raunin ƙafa ko hannu, sagewar tsakanin cinyoyi, riƙewar fitsari ko zubarsa ba da sani ba, zazzaɓi da rama, tarihin ciwon daji, ko faɗuwa. A ƙasarmu kuma dole a riƙa tuna tarin fuka na ƙashin baya, wanda yake cin gaɓoɓi a hankali har mutum ya yi doro ko ƙafafu su shanye, kuma ana warkar da shi da magani idan an gano da wuri. Ko a raunin wuya akwai ƙa'idar da likitocin Kanada suka fitar a 2001 domin rage hotunan da ba su da amfani, amma a cikinta, wanda ya kai shekara 65, ko ya faɗo daga tsayin da ya wuce mita ɗaya, ko yake jin sagewa a hannu ko ƙafa, ba a tsayawa muhawara, hoto ake yi. Kai ba ka da ko ɗaya daga cikin alamun, yayan Baban Walida kuwa yana da babbar cikinsu.

Nas_Hauwa_Kulu:
Akwai abin da ya tsaya min tun saƙon farko ba wanda ya taɓo shi, wato yadda aka ɗauko shi a A Daidaita Sahu. Na san taimako aka yi niyya, amma yawancin waɗanda muke karɓa an naɗo su ne a kujerar baya, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kai yana reto. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, a bar shi kwance yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu daidai da jikinsa, a sami ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su juya shi gaba ɗaya kamar gungume su ɗora shi a kai. Kada a ba shi ruwa, kada a zaunar da shi, kada a ce ya gwada juya wuya a gani. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce. Baban Walida, ko yanzu da za ku tafi babban asibitin, abin wuyan nan ya zauna a wuyansa, ku nemi motar da zai kwanta a ciki, kuma ku roƙi direba ya bi ramuka a hankali.

Bazazzagi_77:
Malama Hauwa, a ƙauyukanmu ina ƙyauren ina motar kwanciya? Wani lokaci babur ɗin da ya kayar da mutum shi ne zai kai shi asibiti, an sa shi a tsakiya. Kuma ko an isa, na'urar MRI sai manyan birane, wani lokaci a je a tarar ta lalace ko babu wuta. Ina ganin shi ya sa mutane suke komawa wurin su Jikan Sarkin Ɗori, ba don sun raina asibiti ba.

Jikan_Sarkin_Ɗori:
Ka faɗi abin da yake zuciyata. Mai ɗori yana karɓar kaza ko abin da ya sauwaƙa, kuma yana nan a unguwa.

Baban_Walida:
Ina godiya ga kowa, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Kawu bayanin Likita da na Jikan Sarkin Ɗori, kuma maganar cewa gidan ɗori ma ba sa taɓa wuya ita ce ta fi shigarsa, har ya ba da gudummawarsa a kuɗin. Jiya aka yi MRI ɗin, Yaya ya ce ƙarar na'urar kamar ana daka a kansa, amma ya daure. An ga ramin lakar ya ƙuntata tun asali, faifan da ke tsakanin gaɓa ta biyar da ta shida ya fito yana danne ta, kuma akwai kumburi a cikin lakar daidai wurin. An ƙara da CT kamar yadda Likita Ummi ta yi hasashe, shi kuma ya tabbatar babu karaya. Yanzu likitocin sun kasu, babban cikinsu yana ganin a yi tiyata a cire faifan, wani kuma ya ce tunda yatsun hannun dama sun fara motsi a ɗan saurara. Yaya yana tsoron wuƙa a wuya, Kawu kuma ya koma cewa a bar wa Allah. Akwai wanda aka taɓa yi wa irin wannan tiyata a cikinku, ko ya yi jinyar wanda aka yi wa?

Ɗan_Maraɗi:
Ta ɗan ƙanwata a baya aka yi, ba a wuya ba, an sa masa ƙarafa da kusoshi, kuma ya yi wata biyar kafin ya ajiye sanda. Ka tambaye su ko ta gaban wuya za su shiga ko ta ƙeya, da kuma kwana nawa zai yi kafin a fara masa gashi, sannan ka karɓi faifan hoton ka ajiye da kyau domin duk likitan da za ku gani nan gaba sai ya nema.